Muryarsa Kawai Na Sani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamuwa da Son Murya

Mutum yana iya gaya wa amininsa cewa ya ga wata ta tafi da hankalinsa, a yi raha, a ba shi shawara. Amma ya ce murya ya ji, bai san ko mai ita doguwa ce ko gajera ba, sai bakinsa ya yi nauyi, don ya san amsar da ke jiransa: "Kai dai Allah ya shirye ka." Shi ya sa masu wannan hali sukan ja bakinsu su yi shiru, su yi ta maimaita saƙon murya guda ɗaya cikin dare. Tambayoyin nan su ne waɗanda suke fitowa idan aka samu wanda ba zai yi dariya ba. Wasu na mata ne, wasu na maza, kowa kuma an amsa masa yadda ya tambaya.

Anya ana kamuwa da son mutum saboda murya kaɗai, ko dai ni ce ba ni da lafiya?

Lafiyarki ƙalau. Kunne tsohon ma'aikaci ne, ya riga ido kama aiki. Ɗan tayi yana jin muryar uwarsa a watannin ƙarshe na ciki, tun bai taɓa ganin fuskar kowa ba. A shekarar 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, sun ba jarirai 'yan kwana uku ko ƙasa da haka wani abin tsotso da aka haɗa da na'urar sauti. Idan jariri ya tsotsa da wani salo sai muryar uwarsa ta fito, idan ya sauya sai ta wata mace ta fito. Yawancinsu suka kama salon da ke kawo musu muryar uwa. Jaririn da bai san sunansa ba ke nan, amma ya san muryar da yake so.

A shekarar 2000 kuma Pascal Belin da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa akwai wasu wurare a ƙwaƙwalwa, ta gefen kai daura da kunne, da suke farkawa sosai idan an ji muryar ɗan'adam, ko da tari ne ko dariya, fiye da yadda suke yi wa ƙarar inji ko ƙararrawa. Abin da ya same ki, a kan hanyar da aka halicce ki da ita ya biyo.

To mene ne a cikin muryar yake kama mutum haka?

Mu fara da abin da ake iya aunawa. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan fatu biyu masu kama da leɓe, iskar da ke fitowa daga huhu ce take kaɗa su. Na babban namiji tsawonsu yakan kai milimita 17 zuwa 25, na mace kuwa daga 12 da rabi zuwa 17 da rabi. Na namiji sukan kaɗa sau 85 zuwa 180 a sakan ɗaya, na mace sau 165 zuwa 255. Iya saurin kaɗawar, iya sirantar muryar. Lokacin balaga sinadarin testosteron ne yake ƙara wa na yaro tsawo da kauri, shi ya sa muryarsa take fashewa kafin ta zauna. Daga nan sautin ya bi ta maƙoshi da baki da hanci, kowannensu da girmansa da fasalinsa, su ba shi amon da ya sa ko ta bayan ƙofa za ka ce wane ne.

Sai dai a ganina ba a nan tarkon yake ba. Ka tambayi wanda abin ya kama, da wuya ya ce maka kauri ko siranta. Zai ce yadda take ɗan jan numfashi kafin ta faɗi magana mai nauyi. Yadda dariya take fara leƙowa cikin muryarsa tun bai gama jimla ba. Wata za ta ce yadda yake kiran sunanta, ya ɗan ja harafin ƙarshe kamar ba ya son sakinsa. Wata 'yar dishewa da sassafe. Shirun da yake yi idan kana magana, wanda kake jin na sauraro ne. Waɗannan su ne suke shiga rai, domin kunne yana fassara su da natsuwa, da tausayi, da kulawa.

Fassarar kuma ba ta ɓata lokaci. A 2014 Phil McAleer na Jami'ar Glasgow da abokan bincikensa sun sa mutane sauraron muryoyi daban-daban, kowace murya kalma ɗaya kawai ta faɗa, ta gaisuwa, wadda ba ta kai sakan ɗaya ba. Daga wannan 'yar kalma masu sauraro suka yanke hukunci a kan wane ne amintacce, wane ne mai isa, kuma hukuncin nasu ya zo kusan iri ɗaya. A lura da kyau: bakinsu ne ya zo ɗaya, binciken bai ce sun canka daidai ba. Tun a 1989 Miron Zuckerman da Robert Driver suka nuna cewa mutane sukan ɗora wa mai daɗin murya kyawawan halaye kyauta, kamar yadda ake yi wa mai kyawun fuska.

Gaskiya ne mata sun fi son murya mai kauri, maza kuma siririya?

Idan aka tara jama'a da yawa aka ɗauki matsakaici, haka binciken yake karkata. Har a cikin Hadza, mafarauta na ƙasar Tanzaniya, Coren Apicella da abokan aikinta sun ruwaito a 2007 cewa mazan da muryarsu ta fi kauri sun fi yawan 'ya'ya. Amma ba wanda yake kamuwa da son matsakaici. Akwai macen da muryar namiji mai sanyi da laushi ce take kashe mata jiki, akwai namijin da macen mai kakkaurar murya ce take hana shi barci. Sau da yawa ma muryar tana kama da ta wani da ka taɓa samun kwanciyar hankali a wurinsa kana yaro, ba tare da ka ankara ba.

Murya tana nuna kamannin mai ita?

Kaɗan ƙwarai. Takan nuna jinsi, ta ɗan nuna shekaru, wani lokaci ta tona gajiya ko mura. Bayan wannan, yawanci zato ne. A shekarar 2000 Sarah Collins ta sa mata sauraron muryoyin samari. Matan suka yi ittifaƙi cewa masu kaurin murya sun fi shekaru, sun fi nauyi, sun fi ƙirar ƙarfi, har da gashin ƙirji suka ba su. Da aka auna samarin, kaurin muryar bai yi daidai da jikinsu ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Akwai wani mai gabatar da shirin dare a rediyo da na shekara biyu ina sauraro. Na gina shi tsaf a raina: dattijo, ƙaƙƙarfa, mai furfura a gemu, mai tabarau da yake saukewa kan hanci idan zai karanta wasiƙa. Har kalar rigarsa na sani. Ranar da na ci karo da hotonsa sai ga wani siririn saurayi, fuska fayau ba ko gashi, wanda na tabbata na girme shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne haushinsa da na ji, kamar ya yaudare ni. Bawan Allah bai taɓa ce min ga kamanninsa ba. Ni na zana, ni na rataye a bango, ni kuma na ji ciwo da aka sauke.

Me ya sa abin ya fi tsanani ta waya, musamman da dare?

Dalilai sun taru. Na farko, a rayuwa ba wanda yake magana a cikin kunnenka sai wanda ya isa da kai: uwa, ko masoyi, ko mai gaya maka sirri. Iyafis ya rushe wannan ƙa'ida. Baƙon da yake wata nahiya yana raɗa a daidai wurin da ba ka barin kowa ya kusanta, jikinka kuma bai san bambanci ba.

Na biyu, muryar da kake ji an yi mata kwalliya. Irin makirfon da ake amfani da shi a ɗakin watsa shirye-shirye, idan mai magana ya matso da bakinsa kusa, yakan ƙara wa murya kauri da ɗumi. Ƙwararru sun san haka, da gangan suke matsowa. Sannan injiniya ya share hayaniya, ya daidaita sama da ƙasa. Ka haɗu da mutumin a bakin titi yana kiran wani daga nesa, ba lalle ka gane shi ba.

Akwai kuma wani abu game da waya da yake ba ni sha'awa. Tsohon layin tarho sautin da ke tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a sakan kawai yake ɗauka. Mun ce tushen muryar namiji bai wuce 180 ba. Ke nan ainihin kaurin muryar ba ya ratsa layin, a hanya ake zubar da shi. Duk da haka kana jin kaurin, saboda ƙwaƙwalwarka tana lissafa abin da ya ɓace daga ragowar da ta iso, ta mayar da shi. Kiran intanet na yanzu ya fi wancan faɗi, amma ɗabi'ar ƙwaƙwalwa tana nan: a ba ta rabi, ta cika sauran daga aljihunta. Idan haka take yi da sauti, me kake zaton za ta yi da fuska, da hali, da tarihin mutumin da ba ta gani ba?

Sai dare. Ido ya huta, gida ya yi tsit, kewa ta samu fili. Kuma murya tana da aiki a jiki na haƙiƙa. A 2010 Leslie Seltzer da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin sun sa 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12 yin jawabi da lissafi a gaban baƙi har hankalinsu ya tashi. Waɗanda suka ji muryar uwayensu ta waya bayan nan, sinadarin oksitosin mai sa shaƙuwa ya ƙaru a jikinsu, sinadarin damuwa ya sauka, kusan daidai da waɗanda uwayen suka runguma. Da aka sake gwajin da saƙon rubutu, ba a samu haka ba. Saboda haka idan ka ce muryarta tana kwantar maka da hankali, ba ƙarya kake ba.

So ne wannan, ko sha'awa ce kawai?

Abin da kike ji gaskiya ne, ba wanda ya isa ya ce miki ba kya jin sa. Tambayar ita ce: wa kike so? Ki ɗauki takarda ki raba ta biyu. A gefe ɗaya ki rubuta abin da kika sani game da shi da hujja, a ɗaya gefen abin da kike ji a ranki cewa haka yake. Yawancin masu yin wannan sukan tarar gefen farko bai wuce layi uku ba, na biyun kuwa ya cika har baya. Yana da haƙuri: a ina kika gani? Ba ya wulaƙanta mutane: kin taɓa jin yadda yake magana da wanda yake ƙarƙashinsa? Ya fahimce ni: ko dai ya iya yin "uhm" a inda ya dace?

Duk abin da ke gefe na biyu, ke kika kawo shi. Shi ya sa mutumin yake dacewa da ke ɗari bisa ɗari, ai da ma'auninki aka yanka shi. Ba na raina wannan. So da yawa daga nan ya faro, ya kuma yi ƙarko. Amma farko ne. Sai layukan gefen farko sun ƙaru, kin ga fushinsa, kin ga yadda yake idan ya rasa, kin ga alƙawarin da ya cika da wanda ya saɓa, sannan za a san ko so ne ko garin daɗi na nesa.

Wanda nake jin haka a kansa mai gabatar da shiri ne, bai ma san ina duniya ba. Wannan fa?

Masana sun daɗe da sanin wannan. Tun 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi rubutu a kan yadda masu sauraron rediyo da masu kallon talabijin suke shaƙuwa da mai shiri kamar aboki, alhali shaƙuwar ta ɓangare ɗaya ce. Aikinsa ne ya yi magana kamar da ke kaɗai yake, kuma ya iya aikin. Mawaƙi, mai karanta littafi a faifai, mai shirin fodkas, duk haka ne. Ki ji daɗin shirin, ki aika saƙon yabo idan kina so. Inda abin yake lalacewa shi ne ranar da kika ji kishi don ya ambaci matarsa, ko kika fara binciken unguwar da yake, ko saƙonki na goma ya tafi alhali na farko bai samu amsa ba. Son maso wani ƙoshin wahala ne, balle son wanda bai san da ke ba.

In gaya mata?

Idan kuna magana da juna, kuma ba aiki ne ya tilasta mata sauraronka ba, kalma ɗaya mai tsafta ba ta da laifi: "Muryarki tana da daɗin ji." Ka faɗa sau ɗaya, ka ga yadda ta karɓa. Amma idan ma'aikaciyar da ke amsa kiran abokan ciniki ce, ka ƙyale ta. Fara'ar da ke muryarta ta aiki ce, sau da yawa ana naɗar kiran, kuma ba ta da ikon kashe maka waya. Na san wanda ya riƙa ƙirƙiro matsala yana kiran wani kamfani ko zai dace da wata murya. Shi a wurinsa soyayya ce, ita kuwa a wurinta wani ne ya hana ta aiki.

Wata takwas muna waya, amma kullum na nemi kiran bidiyo sai ya kawo uzuri. In damu?

E, ki damu. Zai yiwu kunya ce, ko yana tsoron kada ki gan shi ki fasa, wannan yana faruwa kuma abin tausayi ne. Amma wata takwas ya wuce kunya. Kyamara ta lalace, sabis ba kyau, wurin aiki an hana: idan uzuri ya yi ta sauya riga, akwai abin da ake ɓoyewa, ko shekaru, ko aure, ko ma sunan gaba ɗaya.

Masu damfarar soyayya da zaƙin baki suke ci, kuma yanzu an ba su sabon makami. A watan Janairun 2023 masu bincike na Microsoft suka bayyana wata manhaja mai suna VALL-E da ke iya kwaikwayon muryar mutum daga naɗin sakan 3 kacal. A watan Maris na shekarar FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara suna amfani da ƙirƙirarriyar basira su kwaikwayi muryar ɗan'uwan mutum su nemi kuɗi. Murya ta daina zama shaida.

Ki nemi kiran bidiyo kai tsaye, da rana, ki sa rana. Kada kuɗi ya fita daga hannunki, kada ki tura hoton da ba za ki so kowa ya gani ba, kada ki ba da lambobin sirri na banki. Idan za ku haɗu, a cikin jama'a, kuma wani naki ya san inda kike. Wanda ya yi fushi don kin nemi ganin fuskarsa ya riga ya ba ki amsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mun haɗu, sai na ji gwiwata ta sace. Mugun mutum ne ni?

A'a. Gani ya kori ji, kuma korar da zafi. Abin da ya faru shi ne mutum biyu suka zo wurin haɗuwar: ita, da wadda ka gina. Ka zauna kana kallon baƙuwar fuska tana magana da muryar masoyiyarka, dole kanka ya ɗaure. Kada ka yanke hukunci a ranar. Ka ba abin haɗuwa biyu ko uku, domin sau da yawa fuskar da muryar sukan haɗe su zama mutum ɗaya, har ka manta tsohon zanen. Idan kuma abin bai dawo ba, ka gaya mata cikin mutunci. Abin da ba shi da kyau shi ne ka ci gaba da kiran dare kana shan muryar, kana kauce wa mai ita da rana. Ita ma ta lura da yadda fuskarka ta sauya lokacin da ta shigo.

Ina da aure, amma muryar wani tana min daɗi. Na ci amana?

Kunne ba shi da murfi, jin daɗin sauti ba zaɓi ba ne. Zaɓi yana farawa daga abin da ya biyo baya: ajiye saƙon a inda ba za a gani ba, neman dalilin kira, goge tarihin waya. Duk abin da sai kin ɓoye, kin riga kin san matsayinsa. Wani lokaci kuma abin da ake nema ba mutumin ba ne, a yi wa mutum magana a hankali ne, a saurare shi har ya gama. Idan wannan ne ya yi ƙaranci a gida, can ya kamata a kai maganar.

Abin ya fara hana ni sukuni. Yaya zan rage?

Masaniyar halayyar ɗan'adam Dorothy Tennov ta bayyana irin wannan kamu a 1979: tunanin mutum ɗaya da ke kutsowa ba sallama, wanda rashin tabbas yake ciyar da shi. Murya marar fuska kuwa rashin tabbas ce tsagwaronta. Don haka ka rage mata abinci. Ka daina saurare a kan gado. Idan za ka ji, ka ji da rana, ka cire iyafis ka sa a lasifika, mutane suna kai da komo, za ka yi mamakin yadda rabin sihirin yake zubewa. Saƙon nan na sakan 14 da ka haddace har inda aka ja numfashi, ka goge shi, kwanakin farko ne masu wuya. Ka kira mutanen da suka san fuskarka ka yi hira da su da baki. Idan makonni sun wuce ba ka barci, ba ka iya aiki, ko baƙin ciki ya danne ka, ka ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ni kuma wata ce ta ce ta kamu da muryata, alhali ni idan na ji ta a naɗe kunya take ba ni. Wasa take min?

Da wuya. Ku biyun ba abu ɗaya kuke ji ba. Idan kana magana sautin yana zuwa kunnenka ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanka, ƙashi kuwa ya fi isar da sauti mai kauri. Muryar da ka saba da ita tun kana yaro ta fi wadda duniya take ji cika da nauyi. Da ka kunna naɗin sai hanyar ƙashi ta fita, ka ji wani siririn baƙo yana faɗin maganarka, ka ce wannan ba ni ba ne. Ita kuwa wannan baƙon ta sani tun farko, shi ta ji ta so. Ka yi mata godiya, kada kuma ka fara ƙaƙalo kauri idan ta kira, za ta gane tun daga sallama.